Rigar Sanyin da Muka Ƙarasa wa Dada

A gidanmu na Mayo Ulo, da zarar damina ta ɗauke, auduga ta fara fashewa a gonaki, Dada kan buɗe adakarta ta fito da kibiyoyin saƙa. Ta san cewa kafin Disamba ya raba tsakiya hazo zai lulluɓe duwatsun da suka kewaye garin, sanyin asuba kuma ba ya tausayin ƙirjin yaro. Jikokinta goma sha ɗaya, babu wanda bai sa rigar sanyi da hula da safa na saƙar hannunta ba. Mu 'ya'yanta mata uku kuwa, iyakarmu yabawa. Boko da kasuwanci sun ɗauke mana hankali, kullum cewa muke akwai lokaci.

Bara ta ɗora rigar jika ta goma sha biyu, 'yar autarmu mai shekara ɗaya da rabi. Fari da ja da shuɗi ta zaɓa, ta ɗauko zanen daga wani tsohon faifai da mahaifiyarta ta bari. Ta gama bayan rigar, ta kama gaba, sai muka lura aikin ya tsaya. Wata safiya muka tarar da ita a bakin ƙofa, inda haske ya fi yawa, tana warware layin da ta saƙa jiya. Ashe yana ce ta rufe mata ido, har ba ta iya bambance shuɗi da baƙi, ta kuma ɓoye mana tsawon watanni.

"Ku saya mata ta kanti a Garwa," in ji ta, ba tare da ta ɗago kai ba.

Sayen ba wuya. Kayan gwanjo sun cika kasuwa, kuɗin zaren ma ya fi kuɗin rigar. Amma mun san ranar da yarinyar nan za ta girma ta ji cewa ita kaɗai ce hannun kakarta bai tufasar ba. Muka ce, "Dada, ki bari mu ƙarasa." Ta yi murmushi ta ce, "Ku da ko bakin hula ba ku taɓa ɗorawa ba?"

Haka muka koma ɗalibai da furfura a kanmu. Kowane zagayen zare a kan kibiya, ido take kiran sa. Ta koya mana cewa komai yawan launin riga, zare biyu kaɗai ake riƙewa a layi ɗaya: wanda ake saƙawa yana fitowa gaba, ɗayan yana bin sa ta baya har lokacinsa ya yi. Idan na bayan ya tsallake ido fiye da biyar, dole a harɗe shi, in ba haka ba yatsan yaro zai maƙale wajen sa riga. Idan aka ja shi da ƙarfi, rigar ta takure. Idan aka sake shi, ta yi ramuka. Daga baya muka ji cewa masaƙan tsibirin Fair Isle da ke arewacin Sikotilan, waɗanda irin wannan saƙa ta yi suna da sunan tsibirinsu, su ma launi biyu suke riƙewa a layi. Dada ba ta taɓa wuce Marwa ba.

Fuskar rigar ba ta dame ta ba. Juya ta take yi, ta bi cikin da yatsa, can sai ta tsaya ta ce, "Nan wata ta yi fushi." Ba ta taɓa kuskuren gane hannun kowaccenmu ba.

A tsakiyar aiki jan zare ya ƙare. A nan abin mamaki yake: ƙasarmu ƙasar auduga ce, kamfanin SODECOTON da ke da mazauni a Garwa tun 1974 yake sayen amfanin manomanmu, kakarmu kuma da magurji da mazari ta yi wa gidanta zare. Amma ulun da muke saƙa da shi na roba ne, daga nesa ake kawo shi. Muka aika Gidar, babu. Muka ba wani direba saƙo zuwa Mubi, ya kawo ja, amma ja mai duhu. Dada ta ce kada mu gauraya shi a jikin riga, mu rage faɗin zanen hannuwa don ragowar tsohon ya kai, sabon kuma a yi hula da safa da shi.

Sai tsakiyar Janairu muka ɗinka maɓalli na ƙarshe. Gefen dama ya fi na hagu tsauri, domin hannu uku ne suka bi ta kansa. Muka so mu warware, Dada ta hana: "Sanyi ba zai jira ku ƙware ba, yarinya ma ba za ta jira ba." Da aka sa wa jikar, ta jawo ta jikinta, ta shafa daga wuya zuwa ƙugu. A daidai inda saƙarta ta ƙare tamu ta soma, yatsanta ya daɗe bai motsa ba.

An sa mata ranar aikin ido a Garwa. Ta ce abin da za ta fara dubawa shi ne cikin rigar nan, mu kuwa gabanmu na faɗuwa kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Kibiyoyin dai ba su koma adaka ba, domin yayarmu ta riga ta ɗora hular jika na goma sha uku.

Mai karatu, in akwai wata sana'a a hannun tsohuwar gidanku, a zauna kusa da ita tun idonta na gani. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.