Ruwan gishiri da sukari

Da damina, zawo ya kama wani ƙaramin yaro a ƙauye. Kwana biyu ke nan, idanunsa sun faɗa, bakinsa ya bushe. Kaka ta ce a hana shi ruwa, wai ruwa ke ƙara zawo.

Yayarsa, 'yar makaranta, ta ce: "Kaka, malam ya ce ƙarewar ruwan jiki ita ke kashe yaro."

Ta tafasa ruwa lita 1, ya huce. Ta zuba sukari ƙaramin cokali 6, a shafe, da gishiri rabin cokalin. Tana ba shi kaɗan-kaɗan, Inna kuma ba ta daina ba shi nono ba.

Da gari ya waye, Kaka da kanta ta goya shi zuwa gidan likita.