Benci A Babbar Jami'a Ko Fili A Ƙaramar Kwaleji

Mun san da yawa a cikinku ba su taɓa zama sun kalli wasan besbol ba, mu ma sai da zama ya kawo mu Amurka muka san shi. Mutum tara ne ke tsare fili. Ɗaya daga cikinsu ya jefo ƙwallo, abokin hamayya ya maka mata sanda, ya ruga ya zagaya tashoshi ya dawo inda ya taso. Yaronmu na fari (ku yi mana afuwa, ba a kama sunan ɗan fari) mai jifa ne, da hannun dama. Da ya cika shekara 17 sai muka tsinci kanmu, mu iyayensa, a gaban tambayar da ta hana gidanmu barci wata da watanni: wace makaranta zai je ya ci gaba da wasa?

A ƙasar nan, yaron da ke mafarkin zama ƙwararre ta makaranta yake bi. Kowane watan Yuli ƙungiyoyi 30 na babbar gasar MLB suna zaɓen sababbin 'yan wasa, zagaye 20, wato mutum 600 da ɗoriya ke nan. Akwai wata ƙa'ida da ta kamata kowane uba ya sani tun kafin ya sa hannu a takarda. Wanda ya shiga jami'ar shekara huɗu ba za a zaɓe shi ba sai ya gama shekara ta uku ko ya cika 21. Wanda ya shiga kwalejin shekara biyu kuwa, ana iya ɗaukarsa ko bayan shekara ɗaya.

Makarantun ma hawa-hawa ne. Hukumar NCAA tana da rukuni uku, kuma na ɗaya shi ne wanda ake nunawa a talabijin, wanda zakarunsa ke haɗuwa a birnin Omaha na jihar Nebraska duk watan Yuni tun 1950. Rukuni na uku ba ya ba da ko sisi saboda wasa, sai dai tallafi don ƙoƙarin karatu ko ƙarancin halin iyaye. Sannan ga NAIA, ga kuma kwalejojin shekara biyu.

Maganar kuɗi ita ce ta fi ba mu mamaki. Mun ɗauka duk yaron da koci ya kira, karatu kyauta ya samu. Ashe shekaru da dama guraben tallafi 11.7 kacal aka yarda ƙungiyar besbol ta rukuni na ɗaya ta raba, ga yara sama da 30 a jerin suna. Ana yanka shi ne kamar tsire a gidan yawa, wannan rubu'i, wancan rabi, wasu su tashi hannu rabbana. A 2025 wani sulhu da aka yi a kotu ya cire wannan iyaka ga makarantun da suka shiga tsarin, amma ya ƙayyade 'yan wasa 34 a ƙungiya. An halatta a biya wa duka 34, ba a wajabta ba. Makaranta mai hannu da shuni ta biya, marar shi ta ci gaba da yankan tsirenta, kuma gurabe sun ragu ga kowa.

Tayi uku muka samu. Wata babbar jami'a a kudu ta ce ya zo, akwai riga amma babu kuɗi, zai gwada kansa a atisayen kaka. Wata ta rukuni na uku a arewa maso gabas, mai kyakkyawan sashen injiniya, ta yi alkawarin rage kuɗin makaranta saboda sakamakonsa. Sai wata kwalejin shekara biyu a wani ƙaramin gari da ba mu taɓa jin sunansa ba, wadda ta ɗauki nauyin kuɗin karatu da littattafai.

Shi yaro zuciyarsa tana kudu, kuma ba mu ga laifinsa ba. Ya ga filin wasa mai cin dubban mutane, ya ga ɗakin motsa jiki kamar otal. Mu kuma a jihar Ohayo muke, inda ake buɗe kakar wasa a tsakiyar Fabrairu ƙanƙara na kwance a fili, shi ya sa ƙungiyoyin arewa ke shafe makonnin farko a mota da jirgi suna bin rana zuwa kudu. Cewa ya yi, “Abba, Umma, in ban gwada a can ba, har abada zan riƙa tambayar kaina.” Baffansa da ke Kano kuwa, da muka yi shawara da shi ta waya, tambaya ɗaya ya yi: in hannun ya lalace fa?

Tambayar baffa ba ta tsofaffi ba ce kawai. Masu jifa suna yawan tsinke wata jijiya a gwiwar hannu, har tiyatar gyaranta ta yi suna, ana kiranta da sunan Tommy John, ɗan wasan da aka fara yi wa ita a 1974. Jinyarta kan ci shekara guda ko fiye. Tallafin wasa kuma a makarantu da yawa na shekara-shekara ne, sai an sabunta. Don haka kowace makaranta muka duba, sai mu tambayi kanmu: in aka ɗebe ƙwallo daga lissafi, yaron nan zai so ya kwana ya tashi a garin nan, kuma za mu iya biya?

Abin da ya fi yi mana amfani bai ci mana ko kwabo ba. Kowace ƙungiya tana ajiye jerin 'yan wasanta da alkaluman kowace kaka a intanet. Muka zauna da biro da takarda muka bi na shekara uku baya. Masu jifa nawa suka shigo a matsayin sababbi? Zubi nawa kowannensu ya jefa? Nawa ne sunansu ya sake fitowa a shekara ta gaba? A babbar jami'ar nan, yawancin sababbin sun ƙare kakarsu ne a benci, kuma da dama sun ɓace daga jerin. Dalili a fili yake. Tun da aka buɗe kundin masu neman sauya makaranta a 2018, aka kuma sassauta dokar sauyin a 2021, kocin da aikinsa ke rataye da nasara ya fi son ɗauko ɗan shekara 21 da ya riga ya goge a wani wuri, a kan ya yi rainon ɗan 18. Mu ba ma zaginsa, shi ma tuwonsa yake karewa. Sai dai da muka tambayi wanda ya gayyaci yaronmu ko gurbin tabbatacce ne bayan atisayen kaka, ya yi ta yabon ƙarfin hannunsa, amsa dai ba ta fito ba. Daga baya ma kiran waya ya yi wuya.

Yaron ya fi jin misali a kan lissafi, sai muka ba shi. Bryce Harper shekara ɗaya ya yi a kwalejin shekara biyu a kudancin jihar Nebada, aka zaɓe shi na farko a duk ƙasar a 2010. Albert Pujols daga irin wannan kwaleji ya fito, sai a zagaye na 13 aka ɗauke shi a 1999, ya kuma zama ɗaya daga cikin manyan masu bugu a tarihi. Paul Skenes ya yi shekara biyu a kwalejin sojan sama kafin ya koma Jami'ar Jihar Luwiziyana, ya ci kofi da ita a 2023, aka zaɓe shi na farko. Mun gaya masa gaskiya cewa waɗannan zakaru ne da Allah ya nufa da cara, ba kowa ke zama su ba. Abin da muke so ya gani shi ne dukkansu sun fara ne a inda aka miƙa musu ƙwallo suka buga, masu farautar 'yan wasa kuma suka same su a can.

Akwai ƙananan abubuwa da koci ba zai tuna ya faɗa ba sai an tambaya. A shekarun nan azumi yana faɗowa daidai farkon kakar wasa. Mun tambayi ko za a sassauta masa atisayen rana, da inda zai sami naman halal, da nisan masallacin Juma'a. Kocin ƙaramar kwalejin ya ce bai taɓa riƙe mai azumi ba, amma a rubuto masa ranakun. Wannan amsa ta kwanta mana a rai fiye da doguwar lacca.

Sashen injiniyan nan na arewa maso gabas har yanzu yana yi mana gizo, musamman mahaifiyarsa. Amma can muka karkata, zuwa kwalejin shekara biyu, da amincewar shi mai hannun. Sharaɗi ɗaya muka kafa kafin sa hannu: ofishin karatu ya ba mu a rubuce darussan da jami'o'in jihar ke karɓa idan ya tashi komawa, don kada shekara biyu su tafi a kwasa-kwasan da ba su da makoma. Sun turo takardar, shafi biyu, kuma lissafi da kimiyyar da yake buƙata suna ciki. Tafiyar awa tara ce a mota daga gidanmu, kuma masallaci mafi kusa da shi yana garin gaba.