Gadar Regensburg a Zamanin Fataken Gishiri

Kafin jirgin ƙasa ya zo ya karɓe sana'ar, ta kogin Danube gishiri ke isa Regensburg, a kudancin Jamus. Jiragen katako ne ke taso shi daga wajajen Passau, dawakai na tafe a bakin gaɓa suna jan su da igiya, ruwa na turo su baya. Wahalar gaske kuwa sai an iso tsohuwar gadar dutse. Ginshiƙanta masu kauri sun matse kogin, ruwan ya riƙa kutsawa da ƙarfi yana juyi, sai an haɗa dawakai da ƙarti ana ihu kafin jirgi ɗaya ya tsallake. Wanda ya san matsayin gishirin Bilma a kasuwanninmu ba zai yi mamakin wannan ɗawainiya ba.

An fara gadar a 1135, aka gama a 1146, kuma kusan shekara 800 birnin bai da wata sai ita. A gindinta aka gina katafaren rumbun gishiri tsakanin 1616 da 1620. Kusa da shi akwai wani ɗan ɗakin girki inda 'yan dako da matuƙan jirgi ke cika ciki. Yana nan har gobe, sai dai naman alade ake gasawa, ba cimarmu ba ce.

Tsofaffin garin suna da tatsuniyarsu. Wai maginin gadar ya yi gasa da maginin babbar majami'a, ya nemi taimakon Shaiɗan bisa sharaɗin rayuka uku na farko da za su haye nasa ne. Ranar buɗewa sai ya kora kare da zakara da kaza. Shaiɗan ya fusata, ya shiga ƙarƙashi ya banƙara gadar, shi ya sa take da doro. Majami'ar da ke tsaye yanzu sai bayan shekara fiye da 100 da gama gadar aka fara ta, amma wa zai ɓata labari mai daɗi da lissafi?

Hasumiya uku gadar ke da su a da, saura ɗaya. Sojojin Jamus da kansu suka fasa wani ɓangarenta a 1945, aka gyara. An hana motoci hawa a 1997, bas-bas a 2008. Rumbun gishirin kuwa ya zama wurin karɓar masu yawon buɗe ido, bayan UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya a 2006.