Kududdufan Birnin Kano

Rijiyoyi da kududdufai ne suka shayar da tsohon birnin Kano shekaru aru-aru. Ramin da magina suka haƙa don ɗibar ƙasa shi ke tare ruwan damina, ruwan ya riƙa tsuma cikin ƙasa yana raya rijiyoyin unguwa har tsakiyar rani. Dabara ce mai ɗorewa, ko da yake sauro ma ya ci moriyarta. Famfo ya iso a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga kogin Chalawa, wanda ke ratsowa ta Karaye. Yanzu an cike kududdufai da dama an yi gini, rijiyoyi na ƙafewa, unguwanni sun dogara da 'yan garuwa.