Yawu a Kwalba

Wani salo ya shigo ƙasashen Turawa. Mutum ya biya kuɗi, a aiko masa 'yar kwalba, ya tofa yawu, ya mayar. Bayan 'yan makonni a gaya masa inda kakanninsa suka fito. 'Yan kudancin Italiya da tsibirin Sisili na cikin masu buɗe sakamako su riƙe baki. Ga Girka, ga Gabas ta Tsakiya, ga ɓurɓushin Arewacin Afirka. Wai mamaki.

Mamakin me, Malam? Dubi taswira. Tsibirin na zaune a tsakiyar Bahar Rum, tsakaninsa da Tunisiya bai kai kilomita 160 ba. Tasha ce. Girkawa sun kafa Sirakus wajen shekara ta 733 kafin haihuwar Annabi Isa, Finisawa suka riƙe yamma, Rumawa suka zo suka haɗiye duka. A 827 rundunar Musulmi ta sauka a Mazara. Jagoranta ma alƙali ne, Asad bin Furat na Kairawan, wanda ya ɗauki karatu a wurin Imam Malik. Bai koma gida ba, a bakin ganuwar Sirakus ya rasu. Normawa suka karɓe Palermo a 1072.

Sai dai masu takobi da tuta, waɗanda suka cika littattafan tarihi, ba su ne suka fi rabo a jinin nan ba. Kaso mai tsoka na wasu manoma ne da suka taso daga Anatoliya, Turkiyya ta yau, suka iso kimanin shekara 8,000 da suka wuce da alkama da awaki. Bayansu wasu suka yi ta biyowa daga gabas. Ko sunan mutum ɗaya ba a sani ba. Yau jinin ɗan Sisili ya fi kama da na mutumin tsibirin Kirit fiye da na ɗan Milan, duk da fasfonsa da na ɗan Milan iri ɗaya ne.

Ko mayaƙan ma akwai zance. A Himera da ke Sisili, shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa, Girkawa suka ci rundunar Kartaj, marubutansu suka yi ta kirari. An tono kaburburan mayaƙansu, an auna haƙora da ƙasusuwa. Binciken da aka buga a 2022 ya nuna wasu mamatan daga yankin Baltik suka fito, wasu daga Kokasus. Sojan haya ne. An jera su a dogon rami, kafaɗa da kafaɗa.