Neman buroshin goge jiki a kasuwar Balogun



Ni dai a Zariya na tashi, inda soso ke yaɗo a jikin danga. Idan ya bushe sai a ɓare shi, a kakkaɓe irin, a jiƙa ya yi laushi. Da shi da dutsen kaushi da man kaɗe muke maganin hunturu. Da aure ya kawo ni Agege sai na tarar nan zufa da laima ne damuwar fata, soson raga kuma shi ne a kowane banɗaki.

'Yata ta fari, wadda a nan Ikko aka haife ta, ita ta kawo mini tsarabar wani buroshi mai doguwar mariƙa da albashinta na farko. Ta ce, "Umma, da shi ake goge jiki a bushe kafin a shiga wanka." Na yi dariya, amma na karɓa da hannu biyu, don kyautar ɗa ba abin rainawa ba ce. Na yi kusan mako biyu ina amfani da shi, sai ranar nan ƙaninta ya ɗauki kwalin yana karantawa, ya ce ai gashin aladen daji ne a jiki. Na san malamai suna da bayani a kan hukuncin gashin, amma ni zuciyata ba ta kwanta ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda zan ajiye shi ba tare da yarinyar ta ji kunya ba. Sai na ce mata, "Shirya ki raka ni Balogun, mu zaɓo wani tare."

To, a can ne na gane buroshin kala uku ne. Akwai na gashin dabba, wanda yawanci na alade ne ko na doki. Akwai na zaren tsiro, kamar sisal da ake yin igiya da shi. Akwai kuma na roba. Idan ba a rubuta a kwali ba, a ciri sili ɗaya a kai wa ashana: gashin dabba yana ƙaurin babbakar kai, zaren tsiro yana ci kamar ciyawa ya bar toka, na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule. Mai shagon, wata dattijuwar Bayarabiya, ta tsaya tana kallonmu, ta ce tunda take sayarwa ba a taɓa yi wa kayanta irin wannan jarrabawa ba.

Abu na biyu shi ne tauri. Na riƙa gogawa a cikin damtsena, inda fata ta fi laushi. Wanda ya bar zane ko ya sa raɗaɗi sai in mayar, don ba tukunya za a kankare ba. Muka ɗauki na sisal mai matsakaicin laushi, mai mariƙar da ake cirewa, saboda a kai ga tsakiyar baya, da igiyar ratayewa. Wannan igiya tana da muhimmanci a nan Kurmi, domin buroshin da aka bari a laimar banɗaki nan da nan zai yi fumfuna.

Yanzu sau biyu a mako nake yi, minti 3 zuwa 5, daga ƙafa in yi sama a hankali, sannan wanka, sannan man kaɗe. Amfaninsa da na gani shi ne yana ɗebe matacciyar fata, jiki ya yi santsi. Batun da ake yayatawa cewa yana fitar da guba ko yana narkar da kitse, babu hujjar likitanci a kai. Hanta da ƙoda ne ke tace jini. Kada a kai shi fuska, ko kan ciwo, ko ƙurajen zafi, ko ƙyasbi. Mai ciwon sukari ya tambayi likita tukuna, saboda ƙaramin rauni a ƙafa kan zame masa babba. Kuma kowa da nasa, ba a aro.

A motar dawowa 'yata ta yi shiru, can ta ce, "Umma, ki yi haƙuri, ban duba ba." Na ce mata ni ma shekara nawa ina sayen soson raga ban taɓa tambayar da me aka yi shi ba. Iyayenmu ba su da wannan matsala, don da idonsu suke ganin soso tun yana fure. Sai ta ce ita ba ta taɓa ganin soso a jikin itacensa ba. Wannan magana ta fi batun buroshin tsaya mini a rai.

Na aika gida an sako mini busasshen soso guda biyu a motar kaya, da irinsa a ciki. Mun shuka a tsohon bokiti a bayan ɗaki, ita ce ke ba shi ruwa kowace safiya kafin ta fita aiki.

Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuri'a. Sai mun sake haɗuwa.