Saƙon Dagaci a Bakin Tafinta

Na fara riƙe alli a 1976, shekarar da aka buɗe shirin UPE na ilimin firamare kyauta, kuma har na ajiye aiki ban ga darasin Turanci da ke wahalar da yara kamar na isar da maganar wani ba. A Hausa abin ba wuya. Audu ya ce, "Ina zuwa," kai kuma ka ce, "Audu ya ce yana zuwa." In an kwana biyu mukan mai da gobe washegari, amma lokacin aikatau ba ma taɓa shi. Bature kuwa sai ya ja maganar baya: am ta koma was, will ta koma would. Wannan hadda ce kawai, yaro mai naci yakan kama ta cikin mako guda.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen umarni. Mu da kalmar "ce" muke ɗaukar komai: ya ce in zo, ya ce kada in tafi. Shi ya sa ɗalibaina ke rubuta he said me to come, alhali Turanci na son told me to come, in hani ne kuma told me not to go. Na yi shekaru ina gyara wannan da jan biro, ban san akwai abin da ya fi shi nauyi ba.

Wata kaka aka turo wani injiniya baƙo ya haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyen da nake koyarwa, motarsa kuma dole ta ratsa gonaki. Dagaci ya sa aka kira ni in yi masa tafinta. Ya ce, "Malam, ka ce masa ya dakata sai an girbe dawa." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Da na juya wajen baƙon sai na yi amfani da ordered, don a zuciyata duk maganar da ta fito daga bakin mai sarauta umarni ce. Nan take fuskar mutumin ta canza. Ya ce shi ba dagaci ya ɗauke shi aiki ba, ya tattara kayansa ya wuce ƙauye na gaba. Sai bayan damina ta biyu muka sami ruwa.

Dagaci kuwa roƙo ya yi. Na ji shi a muryarsa, na ga yadda ya sunkuyar da kai. Hausa ta bar masa rufin asiri, don "ka ce masa" ba ta nuna roƙo ne ko iko. Turanci bai ba ni wannan mafaka ba: asked, begged, warned, ordered, sai na zaɓi ɗaya, kuma wanda na zaɓa shi ne fuskar da na ba dattijon a idon baƙo. Har yau in na tuna matan da suka ƙara shekara biyu suna tafiya rafi da tulu, raina yakan ɓaci.

Daga ranar na sauya yadda nake koyar da darasin. Nakan tsai da yaro ɗaya ya ce wa wani, "Rufe ƙofa," sau ɗaya da tsawa, sau ɗaya da lallami. Ba wanda zai taɓa biro sai ajin ya fara gaya mini wace murya ya ji.